Kada A Bar Tsoho Shi Kaɗai A Ɗaki

Iyayenmu dattawa da ke zaune nan gaba, Allah ya ƙara girma. Kowa ya ajiye fensirinsa tukuna. Magana ce na zo da ita, kuma ta shafi kowa, gama wanda bai tsufa ba yana hanya, in Allah ya ba shi yawan rai. Maganar kuwa ita ce zaman tsofaffi maza cikin jama'a.

Kwanan baya na je wani ƙauye, na nemi wani tsoho da na sani tun ina yaro. Aka ce yana ciki. Na ce, "Ba shi da lafiya ne?" Aka ce lafiyarsa lau, ba ya dai fitowa. Na yi sallama na shiga. Na tarar da shi kwance da rana tsaka, ya juya fuska wajen bango. Ga tuwo an ajiye masa, bai taɓa ba. 'Ya'yansa uku suna can Kudu wajen nema, suna aiko da kuɗi ba fashi, hatsi kuma yana rumbu. Na durƙusa na ce, "Baba, me ya same ka?" Ya ce, "Ɗan nan, babu kome. Abokaina duk sun riga ni. In na fita, da wa zan yi magana?"

To, kun ji ciwonsa. Kaɗaici ne ya kwantar da shi.

Wannan abu ya fi kama maza. Ku duba tsohuwa. Tana cikin gida, ga jikoki, ga surukai, ga maƙwabta masu shigowa aron taɓarya ko ɗibar wuta. Ran biki kuwa ita ce gaba. Namiji fa? Duk harkarsa a waje ta ke: gona, kasuwa, maƙera, fatauci. Ran da ƙarfi ya ƙare, gona ta koma hannun yara, sai ya ga abokan harka sun watse. Ga shi kuwa namiji ba ya buɗe baki ya ce yana kewar mutane. Ya gwammace ya yi shiru, a ce tsoho ya cika fushi.

Kada ku zaci ƙaramin abu ne. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani, ta ce mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma kaɗaicin yana da hannu a mutuwar mutum fiye da 871,000 kowace shekara. Likitoci sun ga yana ƙara hatsarin ciwon zuciya, da shanyewar jiki, da gigin tsufa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ba ya fita ba ya motsa jiki. Wanda ke ci shi kaɗai ba ya ci da yawa. In ciwo ya fara kuma, ba wanda zai lura da wuri.

Ƙasashen Turawa sun ga wannan wahala. A Ingila har minista aka ba aikin kula da kaɗaici a shekarar 2018. Akwai kuma wata ƙasa mai nisa can gabas, ƙetaren teku, sunanta Ostareliya. Tun wajen shekarun 1990 mutanenta suka soma gina wa tsofaffi maza rumfuna, aka zuba kayan aikin kafinta. 'Yan fansho su taru, su yi kujeru, su gyara keke, su sha shayi. A shekarar 2007 aka kafa wa rumfunan ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya. Abin da suka gane shi ne, namiji ya fi sakin baki in hannunsa yana aiki, ga ɗan'uwansa a gefe.

Da na ji wannan labari sai na yi murmushi. Ai abin da su ke kashe kuɗi suna ginawa, mu kakanninmu sun bar mana shi kyauta. Bari in tuna muku.

Akwai gindin itace. Kowace unguwa tana da nata, ko durumi, ko ceɗiya, ko darbejiya. Da hantsi dattawa su shimfiɗa buzu ko tabarma. Wannan yana tufkar igiya da rama, wancan yana saƙar zana, wani yana fiƙe ƙota, wani yana ɓarar gyaɗar iri. Hannu na aiki, baki na hira. Igiyar nan kuwa ba wasa ba ce. Ran kasuwa a sayar, tsoho ya sami na goro daga guminsa, ba sai ya jira aike ba. Ku tambayi iyayenmu da ke nan, za su gaya muku kuɗin da mutum ya samu da hannunsa daɗinsa dabam ne.

A nan kuma a ke dara. Yaran yanzu da yawa ba su iya ba. A haƙa gurabu 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi gurbi 6. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa ko ƙwallon dabino. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya cire ɗan abokinsa guda. Mutum biyu ke yi, amma goma ke gardama a kai. Ni a ganina dara wasa ce mai wasa ƙwaƙwalwa, muddin ba a sa kuɗi ba, kuma an tashi da jin kiran salla.

Masallaci kuwa, ban da lada, shi ne babban wurin ƙidayar mutane. Sau biyar a yini a ke ganin juna. In dattijo bai zo asuba ba, bai zo azahar ba, kafin la'asar wani ya leƙa gidansa. Bayan salla a tsaya a gaisa, a ji wa aka haifa, wa ya rasu, wa ke kwance. Wanda ke da sha'awar karatu ya wuce zauren malam da littafinsa.

Sa'an nan ga ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a fito masa da akushinsa ƙofar gida, maƙwabta su haɗa, a ci tare. Wannan al'ada tana da hikima ƙwarai. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya zo ya zauna kamar kowa, ba wanda zai gane. Tsohon da matarsa ta rasu ya ci tuwon gida huɗu. Baƙo ma ba ya kwana da yunwa. Bayan an wanke hannu a kunna rediyo. Tun 1957 da BBC ta soma magana da Hausa, da 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, dattawa ke kewaye akwati ɗaya suna jin labarin duniya, in an gama su yi ta sharhi har dare ya yi.

Ran kasuwa ma haka. Tsoho ya kan hau jaki ko ya bi mota zuwa Wudil ran Juma'a, ko Maigatari ran Alhamis, ba don yana da abin sayarwa mai yawa ba. Zuwa ya ke ya ga abokansa na wasu garuruwa.

Amma akwai abin da ya fi duk waɗannan riƙe tsoho, watau ya san ana bukatarsa. Wa ke zuwa neman aure? Wa ke karɓar sadaki, ya raba goro? Wa ke zama da mutane ran suna da ran makoki? In miji da mata sun saɓa, wa ke shiga tsakani tun magana ba ta kai gaban alƙali ba? Dattawa ne. Ku ɗauki rikicin iyakar gona. Samari biyu su tsaya suna zage-zage, kowa da fartanya a hannu. A kira tsoho guda. Ya zo yana dogara sanda, ya ce, "Nan akwai kuka da, ta faɗi shekarar yunwa. Daga kututturenta zuwa gamban can, ta kakanka ce. Sauran ta kakan wannan." Magana ta mutu, ba a kashe ko kwabo ba. Ran gayya ma, ko ran yaɓen masallaci, ko yasar rijiya, ba a ce tsoho ya ɗauki kwando ba. Ya zauna a inuwa ya nuna yadda a ke yi. Da tsohuwar zuma a ke magani.

To, me ke ɓata wannan zama yanzu? Da, ɗan ci rani ya kan tafi bayan kaka ya dawo da saukar ruwa. Yanzu sai ya shekara biyu uku bai leƙo ba. Samarin da suka rage sun koma teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo, kowa ya sunkuyar da kai ga wayarsa. An sare itatuwan inuwa an yi itace. A wasu wurare kuma rashin tsaro ya hana zaman dare, Allah ya kawo sauƙi.

Akwai kuma abu biyu da ke kulle tsoho a ɗaki ba da sonsa ba, ido da kunne. Wanda ba ya ji sosai, in ana hira sai ya ga ana dariya bai san dalili ba, ya zaci shi a ke yi wa. Daga nan ya daina zuwa. Irin wannan ku zauna kusa da shi, ku fuskance shi, ku yi magana a hankali, ban da tsawa. Wanda yana ta rufe masa ido kuwa, ku sani yanar ido tana da magani. Aiki ne na ɗan lokaci a asibiti, mutum ya koma gani. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai babban asibitin ido na ƙasa a Kaduna, akwai wasu. Kada ku kai shi wurin masu yawo kasuwa kasuwa suna soka allura a ido. Mutane da yawa sun makance ta haka.

Ku 'yan aji kuna da naku rabon aikin. Lokacin da aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, masu karatu kaɗan ne. Mutum ɗaya ya kan riƙe jarida ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara. Ku ma ku yi haka. Ku je majalisar dattawa ku karanta musu abin da kuka koya. In saƙo ya zo daga ɗan tsoho, ku karanta masa, ku rubuta masa amsa. Ku tambaye shi tarihin garin, da sunayen masu gari na da, da asalin gidaje, ku rubuta a littafinku tun yana da rai. Wanda ƙafa ta gaza masa, a sa jika ya riƙa masa hannu zuwa gindin itace. In ba ya iya tashi, ku ɗauki akushinku ku je zaurensa ku ci a can. Mai son shiga aji kuma, ƙofa a buɗe ta ke, ba a tambayar shekaru.

Tsohon nan da na faɗa muku, kafin in bar garin na yi wa liman da mai unguwa magana. Suka ce wa maƙwabta su mai da ciyayyarsu ƙofar gidansa. Daren farko ya ƙi fitowa. Dare na biyu ya fito ya zauna, bai ce uffan ba. Da na koma bayan wata biyu, na tarar da shi a gindin darbejiya da ramarsa a cinya, yana yi wa wani saurayi faɗa wai bai iya tufka ba.

Yanzu kowa ya ɗauki fensirinsa. Ku rubuta sunan dattijo ɗaya a unguwarku wanda kuka kwana biyu ba ku gani a waje ba. Wanda harafi ya ɓace masa ya ɗaga hannu in zo. Ran Litinin in mun taru, kowa zai gaya mana yadda ya same shi.