TAFIYA SAHU ƊAYA DA RUHU

Karatu: Galatiyawa 5:13-26

  Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, sai ya buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura 5.

Ƙasar Galatiya tana cikin Turkiyya ta yau. Yawancin masu bi na can gumaka suke bauta wa kafin bishara ta iske su, kamar dai yadda kakanninmu suka yi wa iskoki yanka a gindin tsamiya da kan duwatsu. Sun ba da gaskiya, an yi musu baftisma. Duk da haka, a aya 15, sai ga Bulus yana yi musu faɗa a kan cizon juna. Sun rabu da gunki, amma tsohon hali ya biyo su har cikin ɗakin sujada.

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Mu da muke zaune kusa da duwatsun Rano mun san abin da ake nufi. Da yawa a cikinmu kuma mun mai da wannan karin magana mafaka. A yi wa mutum magana a kan fushi, ya ce haka ubansa yake. A yi masa magana a kan burkutu, ya ce gado ne. In haka ne, me Ruhu Mai Tsarki ya zo yi a cikinmu? Shi da ya halicci dutse, zanen da ke kansa ba zai gagare shi ba.

Sau biyu Bulus ya yi maganar tafiya cikin Ruhu, a aya 16 da aya 25, amma a Helenanci kalmomi biyu ne daban. Ta farko tafiya ce ta kullum, irin ta zuwa rijiya da dawowa. Ta biyu kuwa jeruwa ce, a shiga sahu a taka tare. Ku tuna da ranar gayya. Maza sun jeru, kowa da kunyarsa, makaɗi yana gefe. Mai gaggawa ya kan wuce ya bar ciyawa a bayansa, har ya sare dawa. Mai nawa kuma ya ja wa kowa dare. Gona tana yin kyau ne in kowa ya riƙe kunyarsa, yana jin ganga. Ruhu shi ne a gaba. Namu shi ne mu sa ƙafa inda ya sa, daga asuba har kwanciya.

To, ina ake ganin wannan? Ran Lahadi kowa salihi ne, ba a gane mutum a nan. Ku zo ranar kasuwa. Ga 'yar'uwa ta kawo gero, ga tiyar da aka bubbuga gindinta. Ga ɗan'uwa ya cika ƙasan buhu da tsakuwa da ƙaiƙayi, ya rufe da tsaba mai kyau, yana cewa ai kafin a kwance shi a Dawanau ya yi nisa. A daidai lokacin nan akwai wata murya a zuci da take cewa kada ka yi. Ba ta ihu. In muka take ta yau, gobe sai ta ƙara yin ƙasa, har ranar da za mu daina jin ta. Kada mu manta kuma, a garuruwanmu mu kaɗan ne. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa zuwa su ji wa'azinmu, amma suna sayen hatsinmu, suna ba mu bashi, gonarsu tana iyaka da tamu. Abin da suka sani game da Yesu, yawancinsa a mudunmu suka gan shi.

Ku lura da jerin da ke aya 19 zuwa 21. Bulus ya sa tsafi da sihiri wuri ɗaya da kishi, da jayayya, da tsattsaguwa. Mukan yi horon wanda ya kai yaronsa wurin boka da dare, daidai ne. Amma dattawa biyu da suka shekara uku ba sa gaisawa saboda iyakar gona, suna karɓar Jibin Ubangiji a benci ɗaya, wa ya taɓa kiransu?

Abin da Ruhu yake haifarwa kuwa, Bulus ya kira shi 'ya'ya, kamar na itace. Ba a ɗaura wa mangwaro 'ya'ya da zare. Haƙuri da kamun kai daga ciki suke fitowa, a hankali, in saiwa tana shan ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, mutanen Kadawa da Bunkure suke noman tumatir da alkama a tsakiyar rani. Ruwa yana nan a Tiga, amma manomin da bai buɗe bakin hanyar ruwa zuwa fangalinsa ba, shukarsa za ta ƙone. Ban-ruwan makon jiya kuma ba ya isar wannan mako. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa. A gidaje nawa yake kwana a cikin akwati, sai Lahadi a kaɗe masa ƙura?

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wannan mako. Kafin a ɗauki fartanya, maigida ya tara iyali, a karanta ko aya biyar ce, wanda bai iya karatu ba ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa. A roƙi Ruhu a kan abu guda da suna, ko bakinmu ne, ko bashin da muke ɓoye wa mai shi. Wanda kuma yake da ɗan'uwan da ba sa magana, ya taka ya je gidansa kafin Lahadi, ko da shi aka yi wa laifi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga sura 6, a kan yadda ake komo da wanda ya fāɗi. Ku karanta aya 1 zuwa 10 kafin lokacin. Ubangiji ya kiyaye mu. Amin.