Lauyan Ubangida Da Rikicin Wurin Aiki: Jawabi Ga Masu Ɗaukar Ma'aikata A Naraguta



Tun zamanin da leburori ke tahowa daga Kano da Zazzau haƙar kuza, Naraguta ta san aikin lada, ta kuma san irin rigimar da kan tashi tsakanin ubangida da ma'aikacinsa. Da yawa daga cikinku ba ku neman lauya sai sammaci ya iso ƙofa. To, ku sani, babban aikin lauyan ubangida shi ne ba da shawara tun kafin a yi ɓarna.

Zai tuna muku cewa Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da kama aiki. In za a sallame shi, wanda ya yi wata 3 zuwa shekara 2, notis ɗin mako 1 ne haƙƙinsa. Shekara 2 zuwa 5, mako 2. Shekara 5 ko fiye, wata 1.

In saɓanin da ƙungiyar ƙwadago ne, dokar 1976 ta ce a fara da sulhu. In ya faskara, a sanar da Ministan Ƙwadago, ya tura mai sasantawa ko kwamitin sulhu, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

A gaban alƙali, lauya ba shi da makamin kare ku sai takardun da kuka adana. Wanda ya kori ma'aikaci da baki, cikin fushi, ya ɗaure hannun lauyansa, kuma yana iya biyan diyya. Tun ran gini ran zane.

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.