Ruwan Kwata da Ganyen da Muke Kasawa

Hajiya shugaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu mata da 'yan uwa, barkanmu da sake ganin wannan rana.

Mu masu kasa ganye a kasuwa aka ce mu yi magana. To ba ta adashi za mu yi ba yau, ta ruwa za mu yi.

Kowacce a nan ta san yadda noman rani ya koma. Fadamar da ke nesa da gari ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, mai lambu in ya fita, iyalinsa na cikin zullumi har ya dawo. Man inji kuma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Shi ya sa wasu suka dawo bakin gari, inda ruwan kwata ke gangarowa ya taru. Wani ganyen da muke sarowa daga Tsafe da Gusau, da shi aka yi ban ruwansa.

Mun tambaye su, ba su ɓoye ba. Suka ce kyauta ne, ba ya ƙafewa ko da bazara, kuma shi kansa taki ne, alayyafo ya fito kore shar ba a sayi ko mudu ɗaya na takin zamani ba. Wa zai ce wa mai iyali ya bar wannan? Mu ma, tsakani da Allah, shi muke fara zaɓa, don shi ke jan idon mai saye.

Ba mu muka fara ba. A Kano an daɗe ana lambu da ruwan Jakara, har da na Getsi da ke kwaso dattin masana'antun Bompai. Amma ruwa suna ya tara. Na wanke-wanke da na alwala daban, mu kanmu da shi muke rayar da zogale a bayan ɗaki. Wanda ya haɗu da na masai kuwa, shi ke kawo tsutsar ciki da taifot da amai da gudawa. Na masana'anta ya fi muni, don gubarsa cikin ganyen take shiga, wanki ba ya fitar da ita. Mu Zamfarawa ba sai an ba mu labarin gubar da ido ba ya gani ba. Dalmar da ta fito daga dutsen zinare a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum.

Malamarmu ta karanta muna abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. Ashe ba cewa suka yi a daina ba. Cewa suka yi a bar ruwan ya kwanta a rami tukuna, a kora shi ta kwari maimakon a watsa kan ganye, kuma a tsai da ban ruwa 'yan kwanaki kafin a yanka.

Ga abin da muka yanke a tsakaninmu. Alayyafo da yakuwa da kuɓewa za mu ci gaba da sara, tunda wuta suke gani. Latas da kabeji da ake ci ɗanye, sai na rijiya, ko da ribar ta ragu. Mu daina yayyafa wa ganye kowane irin ruwa a rumfa, don nan ma laifinmu ne, ba na mai lambu ba.

Hajiya, muna roƙon a fitar muna da kuɗin duro biyu masu murfi daga asusu kafin azumi, lokacin da aka fi sayen latas.

Allah ya ba mu zaman lafiya.