Shan Giya a Faransa da Rasha

  Yau za mu yi magana a kan shan giya a ƙasashe biyu na Turai, watau Faransa da Rasha. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. To, haka mashaya su ke. Kowace ƙasa da irin giyarta, da irin yadda a ke shan ta. Ku kasa kunne ku ji inda hanyar kowa ta kai shi.

Da farko mu san abin da ke bugar da mutum. A cikin kowace giya akwai wani ruwa mai sa maye, shi ne barasa. Giyar kwalba tana da barasa wajen kashi 5 cikin 100. Giyar inabi tana da wajen kashi 12. Giyar Rasha kuwa, wadda su ke kira bodka, tana da kashi 40. Kun ga ƙaramin kofi na bodka ya yi ƙarfin babban kofi na giyar kwalba.

Faransa ƙasa ce mai gonakin inabi da yawa. Mutanenta su kan matse inabi, su ajiye ruwan har ya zama giya. Sun saba shan ta tare da abinci, rana da dare, kaɗan kaɗan. A wurinsu abin kunya ne a ga mutum yana tangaɗi a hanya. Saboda haka suka ɗauka shansu ba shi da lahani. Wajen shekarar 1960, in an raba giyar inabin da a ke sha a ƙasar ga kowane mutum, rabonsa ya fi lita 100 a shekara. Wannan ya fi garwa biyar. Har yara a kan ba su a makaranta lokacin cin abinci.

Amma hanta ba ta san al'ada ba. Ita ce ke tace barasa daga cikin jini. In ta yi shekaru tana wannan aiki kullum ba hutu, sai ta ƙandare, ciki ya kumbura, idanu su yi rawaya. A zamanin nan ciwon hanta ya kashe Faransawa masu yawa, cikinsu har da waɗanda ba a taɓa ganin sun faɗi don maye ba.

Da hukuma ta ga haka, sai ta fara gyara daga wajen yara, don icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A 1954 Firayim Minista Pierre Mendes France ya sa a riƙa ba 'yan makaranta madara. A 1956 aka hana ba yaran da ba su kai shekara 14 ba giya a makaranta. A 1981 aka hana a manyan makarantun sakandare ma. A 1991 aka yi dokar da ta hana tallar giya a talabijin. Sannu a hankali al'ada ta sake. Giyar inabin da Bafaranshe ke sha yanzu ba ta kai rabin ta 1960 ba, ciwon hanta kuma ya ragu ƙwarai.

Yanzu mu juya Rasha. Can ƙasar sanyi ce, inabi ba ya yi a yawancinta. Abin da su ke da shi hatsi ne, kamar alkama da danginta. Su kan jiƙa hatsi ya yi tsami, sa'an nan su dafa, su tare tururinsa. Wannan tururi in ya huce, shi ne bodka. Mashayin Rasha ba lalle ne ya sha kullum ba. Amma ran biki ko ran albashi, sai abokai su taru su buɗe kwalba, su yi ta kwankwaɗa har ta ƙare. Wanda ya ƙi sha, sai a ce ya raina abokai.

Irin wannan sha kisan gaggawa ya ke yi. Wani barasa ta yi masa yawa a jini, numfashinsa ya tsaya. Wani ya kwanta a waje sanyi ya kashe shi. Wani ya mutu a faɗa, ko a haɗarin mota, ko zuciya ta buga. Yawancinsu magidanta ne masu ƙarfi, su bar mata da marayu.

A 1985 shugaban Tarayyar Sobiyet, Mikhail Gorbachev, ya tashi yaƙi da giya. Aka ƙara mata kuɗi, aka rufe kantuna da yawa, aka ce ba a sayar da ita a ranakun aiki sai daga ƙarfe 2 na rana zuwa ƙarfe 7 na yamma. A 1984 lissafi ya nuna tsawon ran namiji a Rasha wajen shekara 62 ne. A 1987 ya kai wajen 65. Amma mutane suka shiga dafa giya a ɓoye a gidajensu, har sukari ya yi wuya a kantuna. Gwamnati kuma ta rasa kuɗin haraji. A 1988 aka sassauta dokar. Bayan Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, bodka ta yi araha. A 1994 tsawon ran namiji ya faɗi ƙasa da shekara 58, giya kuwa tana cikin manyan dalilai.

Daga baya aka sake ɗaura ɗamara, wannan karo a hankali. Aka ƙara haraji, aka hana sayarwa da dare, aka rage talla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 2003 zuwa 2016 shan giya a Rasha ya ragu da kashi 43 cikin 100. A 2018 tsawon ran namiji ya kai wajen shekara 68.

To, jama'a, me muka koya? Na ɗaya, mai sha kaɗan kaɗan kullum da mai sha da yawa lokaci guda, kowa akwai ramin da ke jiransa. Na biyu, al'ada tana sakewa in an bi ta da haƙuri, an fara da yara. Na uku, kada wani ya ruɗe ku cewa shan giya wayewa ce, wai don Turawa suna sha. Su ma sun ji a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum wajen 2,600,000. Ta ce kuma a wannan shekara fiye da rabin manyan mutanen duniya ba su sha ba. Musulunci ya haramta ta, akwai kuma mutane da yawa na wasu addinai da ba su taɓa ta.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku kai wannan labari gida, ku karanta wa samarinku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.