Asalin Duniya: Tsakanin Allo da Madubin Hangen Taurari

Iyayena da ƙannena ɗalibai na nan Njamena, barkanmu da yamma.

Jiya bayan La'asar wani ɗalibi ya tare ni, ya ce: "Malam, a aji an ce duniya ta faro da babbar fashewa shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, a masallaci kuma an ce cikin kwana shida aka halicce ta. Wa zan ƙaryata?" Ga shi can baya yana sunkuyar da kai. Ɗan'uwa, saboda kai na canza abin da na shirya faɗa.

Bari mu fara da abin da masana kimiyya suka gani. A 1929 Edwin Hubble na Amurka ya nuna cewa gungun taurari na nesa suna ta guje mana, kuma wanda ya fi nisa ya fi sauri. Ku ɗauki ƙullun fanke da aka barbaɗa wa riɗi: yana kumbura, ƙwayoyin riɗin na nisantar juna, alhali ba wadda ta motsa da kanta. Haka sarari yake buɗewa. In kuwa yana buɗewa, to a da a dunƙule yake, da zafin da ba ya misaltuwa. Sauran ɗumin wancan zafi shi ne masana biyu, Penzias da Wilson, suka ci karo da shi a 1965, har da farko suka ɗauka kashin tattabaru ne ya ɓata musu na'ura. Sunan "babbar fashewa" ma wanda bai yarda da ra'ayin ba ne ya laƙaba shi, wato Fred Hoyle, a gidan rediyon BBC a 1949.

Wanda ya kawo lissafin buɗewar sarari a 1927, Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ne ɗan Beljiyam. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa kimiyya ta gaskata labarin halitta. Kuna tsammanin Lemaître ya yi murna? Ko kusa. Ya yi ƙoƙari har Fafaroma ya daina wannan magana, domin yana ganin lissafinsa ba ya tabbatar da Mahalicci, ba ya kuma kore shi.

A nan nake so mu yi wa kanmu faɗa. Tun da littafin likitan nan Bafaranshe Maurice Bucaille ya fito a 1976, muka kamu da son jingina kowane sabon bincike ga wata aya. Aya ta 30 a Suratul Anbiya da ta 47 a Suratuz Zariyat sun sha wannan jan. Na san niyyar kirki ce. Amma kafin 1965 manyan masana da dama suna kan ra'ayin Hoyle, cewa duniya ba ta da farko. Da su suka yi rinjaye fa, sai mu ce ayar ta faɗi? Kimiyya sana'ar gyara kuskurenta ce, abin da ta ce bana tana iya sake shi baɗi. Wanda ya ɗaure imaninsa a jikin nan, ya ɗaure akuyarsa a jikin kwalekwalen da ke kan kogin Shari.

Ɗaya ɓangaren, na masu musun kimiyya da sunan addini, ma bai tsira ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yaƙi malaman falsafa da suka ce duniya ba ta da farko, Ibn Rushd na Andalus kuma ya mayar masa da martani. Duk da zafin wannan gardama, a gabatarwar Tahafutul Falasifa Gazali ya ja kunnen masu musun lissafin husufi da sunan kare addini, ya nuna cewa cutar da addinin suke yi. Mu da muka tashi muna buga gwangwani muna cewa rana ta kama wata, wannan jan kunne namu ne. Kwanakin shida kuwa, malaman tafsiri tun da sun saɓa a kan tsawonsu, tun da babu ranar da za a ƙirga fitowarta a lokacin.

Abin da ya fi damuna shi ne, muna gardama a kan binciken wasu alhali namu na kwance a ƙofar gida. Ranar 19 ga Yulin 2001, a hamadar Jurab, Ahounta Djimdoumalbaye, ɗan ƙasar nan da ya yi karatu a Jami'ar Njamena, ya tsinci ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da aka sa wa suna Toumaï, yana cikin ayarin masu bincike na Michel Brunet. An ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7, masana kuma har gobe suna ja-in-ja kan ko da ƙafa biyu yake tafiya. Can arewa ga ramin Aorounga, inda dutse daga sama ya faɗo. Kakanninmu da suka ratsa Fort-Lamy, wato Njamenan yau, a ƙafa zuwa Makka, da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta suke sanin lokaci. Bakatsinen nan Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741 yana koyarwa. Jikokinsu nawa ne yau a sashen kimiyyar lissafi?

To ɗan'uwa, amsarka: kada ka ƙaryata kowa. Malamin aji yana gaya maka yadda abin ya gudana gwargwadon awonsa, liman yana gaya maka wanda ya gudanar da shi da abin da yake nema gare ka.

Roƙona ga malamanmu na zaure, ku bar yaran nan su shiga ajin kimiyya ba tare da an kira su 'yan boko aƙida ba. Ku kuma ɗalibai, gidan tarihi na ƙasa yana cikin garin nan. Ku je wannan makon, ku ɗauki ƙannenku.