Abin da A Ke Zubawa a Kan Kwaɗo da Miya

Maganata yau a kan cefane ta ke. Kada wani ya ce wannan sha'anin mata ne, gama daga aljihunka kuɗin ke fita.

Tuwon shinkafar fadamar Rima ya kan cika ciki, ya ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. Mai ginawa yawanci yana cikin ɗan abin nan da a ke zubawa a kai, wanda mu ke rainawa.

Dubi kwaɗon zogale. Ganyen yana da abin da likitoci ke kira bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, watau mutum ya kasa gani da magariba. Amma jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da maiƙo. To, ka ga amfanin ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa. Ita gyaɗa, wajen kashi 1 cikin 4 nata abin gina jiki ne, in an matse man kuwa, abin da ya rage ya fi haka. A yanka albasar Aliero da ɗanyen tumatir, a matsa lemon tsami, domin suna taimakon jiki ya sami abin ƙara jini daga ganyen.

Sai fa ka kula da irin ƙuli-ƙulin da za ka saya. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Dafin nan hanta ya ke ɓatawa, suya kuwa ba ta kashe shi. In ka ji ɗaci ko warin ruɓa, zubar da shi, ko da ka biya.

Ga miya kuma, daddawar ƙalwa tana gina jiki, dunƙulen kanti kuwa yawancinsa gishiri ne. A Argungu giwan ruwa a ke yi wa kirari ranar su, amma ƙananan busassun kifi, in an daka su da ƙayarsu an barbaɗa, su ke ƙarfafa ƙashi da haƙoran yara. Gishiri kuwa ka sayi na leda mai aidin, wanda ke tsare mutum daga maƙoƙo.

Saura ɗaya, mai gida. A gidaje da yawa akushinka a ke fara cikawa da kifi da man shanu, yara su sami gaya da ɗan ruwan miya. Ka ce wa uwargida ta fara da kwanon yaran da aka yaye, da na mai ciki, da na mai goyo.