Katin Awo Da Takardar Tiyata: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya A Kujama

 

Mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne. To amma abin da ya faru a gidan wani ɗan'uwanmu shi ya sa muka zauna da ma'aikatan jinya muka yi tambaya, ga shi mun kawo muku. An taɓa yi wa iyalinsa aiki aka ciro ɗa, aka ba su takardar sallama, takarda ta ɓace. Da wani cikin ya zo, sai ta zauna naƙuda a gida kwana biyu. Kafin a kai ta asibiti, ɗinkin mahaifa ya ɓalle. Allah ya tsirar da uwa, ɗa kuwa ya koma. Jama'a, mu da ba ma yar da rasit ɗin buhun masara, yaya za mu yar da takardar rai?

Ga abin da ke kan katin awo. LMP ita ce ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. EDD ranar da ake sa ran haihuwa, wato kwana 280 ko mako 40 daga waccan ranar. Kintace ne, Allah ne masani. In kun ga G5 P3+1, ciki na biyar ke nan har da wannan, haihuwa uku, ɓari ɗaya. BP awon hawan jini ne. In ya kai 140/90, a kula, musamman in ga ciwon kai da kumburin fuska, domin nan jijjiga ke shigowa. PCV yawan jini ne. In ya yi ƙasa da 30, jini ya yi kaɗan.

Sai takardar tiyata. CS ko LSCS, shi ne aikin ciro ɗa ta ƙasan mahaifa. In an sa Em a gabansa, na gaggawa ne. In El ne, an tsara ranarsa tun da wuri. Daga nan a duba dalili. CPD, kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa. APH, zubar jini kafin haihuwa, kamar in mabiyiya ta tare ƙofa. PPH, zubar jini bayan haihuwa, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata. Akwai kuma Apgar, sunan wata likita ce 'yar Amurka, Virginia Apgar, da ta ƙirƙiro awon a 1952. Maki ne daga 0 zuwa 10 da ake ba jariri a minti ɗaya da minti biyar da haihuwa. Daga 7 zuwa sama, alhamdu lillahi.

Me ya sa dalilin ke da muhimmanci? Matar da aka yi wa aiki sau ɗaya don ɗa ya zo a gicciye, tana iya haihuwa da kanta a gaba, amma fa a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini. Wadda aka yi wa sau biyu kuwa, galibi aiki za a sake. Likitan da bai san ta ba, takardar nan ce za ta gaya masa.

Don haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, a adana kati da takardar sallama cikin leda, inda ake ajiye takardar fili. Na biyu, maigida in tafiya ta kama shi Kafanchan ko Kano, ya bar wakilin da zai sa hannu, da kuɗin mota, domin neman mota daga Kujama zuwa Barau Dikko da tsakar dare ba wasa ba ne. Na uku, kafin a bar asibiti a ce, "Malama, don Allah karanta mana abin da aka rubuta, da Hausa." Matambayi ba ya ɓata.

Iyaye mata, ku daina yi wa wadda aka yi wa aiki gorin ragwanta. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya. Wassalamu alaikum.